In An Ga Baƙon Abu A Sama, Kada A Bar Wa Soja Binciken Su Kaɗai

Ranar Asabar, 21 ga Afrilu, 2018, ƙarfe takwas saura minti goma na dare, jami'an da ke wani shingen tsaro a unguwar Khuzama ta birnin Riyadh suka hangi wani abu yana shawagi a saman kansu. Khuzama ba unguwar da ake wasa da ita ba ce, don akwai fadojin gidan sarautar Saudiyya a cikinta. Jami'an suka buɗe wuta. Mazauna unguwar suka naɗi ƙarar harbin da wayoyinsu, kafin ka ce kwabo bidiyon ya gama duniya. Masu cewa juyin mulki ne na yi, masu cewa an sulale da Sarki Salman zuwa wani sansanin soja na yi. Duk mai ɗan'uwa da ke karatu ko neman halali a Saudiyya ya san irin wannan dare: waya ba ta hutawa, kowa na tambayar ko lafiya.

Can sai kamfanin dillancin labarai na gwamnati, SPA, ya fito da gajeriyar sanarwa daga kakakin 'yan sandan Riyadh. Abin da aka gani, in ji sanarwar, ɗan ƙaramin jirgi ne maras matuƙi, irin na wasa da ake sarrafawa daga nesa, wanda aka tayar ba da izini ba. Jami'an tsaro sun yi da shi yadda umarni ya tanada, kuma an fara bincike. Wani babban jami'i ya shaida wa Reuters cewa Sarki ma ba ya fadar, yana gonarsa a Diriyya. Washegari ma'aikatar harkokin cikin gida ta ce duk mai son tayar da irin wannan jirgi sai ya nemi izinin 'yan sanda tukuna.

Ta yiwu haka abin yake, babu ragi babu ƙari. Sai dai sanarwar ba ta faɗi mai jirgin ba, ba ta faɗi abin da ya kai shi bakin fada ba, ba ta kuma ce ga dalilin da ɗan abin wasa ya sha harsashi haka ba. Da aka kwashe makonni Yarima Muhammad bin Salman bai cika fitowa bainar jama'a ba, sai wasu jaridun Iran suka shiga yaɗa cewa a daren nan aka raunata shi. Daga baya ya bayyana lafiyarsa ƙalau, amma zancen ya riga ya yi nisa.

Ga inda na tsaya a wannan magana. In an ga abu a sama ba a san ko mene ne ba, wajibi ne soja su bincika, tunda su ne masu na'urar rada da jiragen da za su bi sawunsa. Amma kuskure ne a bar musu komai, a ce su ne masu tattara shaida, su ne masu yanke hukunci, su ne kuma masu zaɓar abin da za a gaya wa jama'a. Duk abin da ya ratso samaniyar ƙasa ba a gane shi ba, tambayar farko a kan masu gadin samaniyar take faɗawa: kuna ina? In aka fasa shago da dare a kasuwa, za a saurari maigadi, amma ba shi ake miƙa wa alƙalami ya rubuta yadda aka yi shi kaɗai ba.

Abin da dogon bincike ya nuna

Da an ce baƙon abu a sama, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga faranti mai tashi da halittun wata duniya irin na finafinai. Amurka ce ta fi kowa ɓata lokaci da kuɗi a kan wannan. Daga 1947 zuwa 1969 rundunar sojan samanta ta tara rahotanni 12,618 na abubuwan da mutane suka ce sun gani, mafi yawa a ƙarƙashin shirin da ake kira Blue Book, mai ofishi a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. Da aka rufe shirin, 701 ne kawai suka rage ba a gano asalinsu ba. Mafi yawan sauran sanannun abubuwa ne: jiragen sama, balan-balan ɗin auna yanayi, gajimare, taurari, musamman Zara matar wata, wadda haskenta da almuru ko da asuba ya sha ruɗin hatta matuƙa jirage. A rahoton da ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya fitar a Yunin 2021, an duba rahotanni 144 na sojoji, ɗaya kaɗai aka tabbatar, shi ma ƙaton balan-balan ne da ke sacewa. Sauran 143 an ce bayanan da aka samu ba su isa a yanke hukunci ba. A Maris ɗin 2024 kuma ofishin AARO na ma'aikatar tsaro ya ce ya bi tarihin binciken gwamnati tun daga 1945, bai sami shaidar cewa wani abin da aka gani fasahar wata duniya ce ba.

To, in haka ne, me ya sa Amurkawa da yawa har gobe ba su yarda ba? Domin sojansu sun taɓa yi musu ƙarya, kuma an kama su. A Yulin 1947 sansanin sojan Roswell ya sanar cewa ya tsinci faranti mai tashi, nan da nan kuma manyansu suka janye suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994, bayan shekara 47, rundunar ta yarda cewa tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na sauraron gwajin makaman nukiliyar Tarayyar Sobiyet daga can ƙololuwar sama. A 1997 masanin tarihin hukumar CIA, Gerald Haines, ya rubuta cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na shekarun 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, kuma sojan sama sun riƙa ba jama'a bayanin bogi don su rufe asirin jiragen. Sojan da ke binciken sun san amsar, amma aikinsu na biyu, wato tsare sirri, ya hana su faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai kafin a kai ƙarshensa an riga an yi asarar amana.

Samaniyar da ake yaƙi a cikinta

A Riyadh maganar ta fi haka nauyi, domin abin da ke gilmawa a samanta yakan kashe mutane. Birnin ya fara ɗanɗana wannan a Janairun 1991, lokacin da Saddam Hussein ya riƙa harbo makaman Scud. Mutane na kallon haske biyu na haɗuwa a sama, a ji ƙara, da safe a sanar cewa makamin Patriot ya kakkaɓo Scud. A Fabrairun shekarar Shugaba George Bush babba ya tsaya a masana'antar kamfanin Raytheon, mai ƙera Patriot, ya ce cikin Scud 42 da aka tunkara an tare 41. Sai wani masani na jami'ar MIT, Theodore Postol, ya zauna da bidiyon da 'yan jarida suka ɗauka, ya bi su hoto bayan hoto, ya ce lissafin nan bai tsaya ba. Scud ɗin Iraƙi yakan tarwatse da kansa in ya doso ƙasa, Patriot ya bi ɓaraguzan gangar jiki, kan makamin kuwa, inda abin fashewar yake, ya wuce abinsa. Rundunar sojan Amurka ta sauko da alƙalumanta zuwa kashi 70 cikin ɗari a Saudiyya da kashi 40 a Isra'ila. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya ce a 1992 ƙwaƙƙwarar shaidar lalata kan makami ta tabbata ne a kusan kashi 9 kawai.

Wannan ofishi dai shi ne ya bayyana wa duniya abin da ya faru a Dhahran ranar 25 ga Fabrairu, 1991, inda Scud ya faɗa kan barikin sojan Amurka ya kashe 28. Agogon da ke cikin kwamfutar Patriot yana ɗan zamewa a hankali. Da na'urar ta yi kusan awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, zamewar ta kai sulusin daƙiƙa, sai ta nemi makamin a inda ba ya nan, ta ɗauka babu komai. Irin wannan bayani ba ya fitowa daga bakin kakakin runduna ranar da abin ya faru.

Shekara 26 bayan haka aka maimaita. Daren 4 ga Nuwamba, 2017, ranar da Sa'ad Hariri ya sanar da murabus daga firaministan Labanon yana zaune a Riyadh, daren da kuma aka fara tsare 'ya'yan sarauta da attajirai a otal ɗin Ritz-Carlton, 'yan Houthi na Yemen suka harbo makami mai linzami kan filin jirgin sama na Sarki Khalid. Hukuma ta ce an kakkaɓo shi. Shugaba Trump ya yaba wa makamin ƙasarsa. Bayan wata guda jaridar New York Times ta buga binciken wasu masana ƙarƙashin Jeffrey Lewis na cibiyar Middlebury. Ba su da rada, ba su da jirgi. Hotunan da mazauna birnin suka saka a intanet suka bi, suka gano inda gangar jikin makamin ta zube a cikin gari, da inda hayaƙi ya tashi kusa da filin jirgin, suka ce alamu sun nuna kan makamin ya tsallake masu tarewa ya fashe daf da inda aka nufa. Ranar 25 ga Maris, 2018, da aka harbo makamai bakwai, uku kan Riyadh, an ce duk an tare su. Amma bidiyon waya ya nuna ɗaya daga cikin makaman tarewar ya yi kwana a sama ya dawo ya faɗa cikin gari. A daren ɓaraguzai suka faɗa kan wani gida suka kashe wani ma'aikaci ɗan Masar, suka raunata biyu.

Ba sai an ce jami'an nan maƙaryata ne ba. Mutumin da ke zaune gaban allon rada yana ganin ɗigo biyu sun haɗu sun ɓace, zuciyarsa kuma na son ya zama ya yi nasara. Gwamnatin da ta kashe biliyoyin daloli kan makami ba ta son jin cewa bai yi aiki ba, kamfanin da ya sayar ma haka. Abin da ido na biyu yake magancewa ke nan.

Ranar da aka baje tarkace

Adalci ne a faɗi inda Riyadh ta yi abin da ya fi dacewa. Ranar 14 ga Satumba, 2019, aka kai hari kan cibiyoyin man Aramco na Abƙaiƙ da Khurais, aka tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana, kusan rabin abin da ƙasar ke haƙowa. 'Yan Houthi suka ce su ne. Bayan kwana huɗu, ranar 18 ga wata, Kanar Turki al-Maliki, kakakin ma'aikatar tsaro, ya tara 'yan jarida a Riyadh, aka jera musu fukafukai da injuna da guntayen ƙarfe a gabansu. Ya ce jirage marasa matuƙa 18 da makamai masu linzami 7 aka harbo, uku daga cikin makaman ba su kai ba. Ya ce daga arewa suka fito, kuma da hannun Iran. Da aka tambaye shi takamaiman wurin da aka harbo su, ya ce ana kan bincike. Iran ta musanta.

Abin da ya ƙara wa wannan zama daraja shi ne an gayyato ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya su duba tarkacen da idonsu. A Disambar 2019 Babban Sakatare Antonio Guterres ya ce majalisar ba ta kai ga tabbatar da asalin makaman da kanta ba. Sai a Yunin 2020 ya ce makamai masu linzamin asalinsu na Iran ne. Wannan jinkiri na wata tara ya fi gaggawar kowace sanarwa amfani ga Saudiyya, domin wanda ya iya cewa bai tabbatar ba a Disamba, in ya ce ya tabbatar a Yuni za a saurare shi. Abin lura kuma shi ne an baje tarkacen ne a ranar da baje su ke taimakon gwamnati. Gwajin gaskiya shi ne a baje su ranar da za su tona gazawar masu gadi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar masana ce kawai. Rashin gane abin da ke sama ya ci rayuka a wannan yanki. Ranar 3 ga Yuli, 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya ɗauki jirgin fasinjan Iran a matsayin jirgin yaƙi, ya harbo shi, mutum 290 suka halaka. Ranar 8 ga Janairu, 2020, dakarun juyin juya halin Iran suka harbo jirgin fasinjan Ukraine jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka mutu. Kwana uku hukumomin Iran na musantawa, sai da bidiyon waya da hotunan tarkace suka rufe musu hanya sannan suka amsa.

Mu ma samanmu ta cika

Shekarun baya, abin da ɗan ƙauyen Arewa zai gani a sama bai wuce tsuntsu, jirgin alhazai da tauraruwa mai wutsiya ba. Yanzu akwai jiragen yaƙi masu farautar 'yan bindiga, akwai marasa matuƙa na soja, akwai na masu ɗaukar hoton biki, ISWAP ma ta fara amfani da su a yankin tafkin Chadi. Akwai kuma taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda in an harba su sabo suke bin juna a jere kamar an ja layi da haske, wanda bai sani ba ya ɗauka wani abin al'ajabi ne.

Daren 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna taron Mauludi, suka ji ƙara a sama, bam ya faɗo. Da aka taru ɗaukar waɗanda abin ya rutsa da su, na biyu ya biyo. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Da farko sojan sama suka ce ba su ba ne, sannan sojan ƙasa suka amsa cewa jirginsu maras matuƙi ne. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya ba da haƙuri. A Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce an gama bincike, kuma jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Amma taƙaitaccen bayani aka ba jama'a a bakin kakaki, alhali iyayen da suka binne 'ya'yansu sun cancanci cikakken rahoto: wa ya kalli allo, me ya gani, wa ya ba da umarni, me ya sa aka sake harbi. Kafin Tudun Biri an yi Rann a jihar Borno ranar 17 ga Janairu, 2017, inda jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira.

Daren 25 ga Disamba, 2025 kuma, mutanen Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato suka ga sama ta yi ja, suka ji fashewa, da safe ga guntayen ƙarfe a gona. Daga shafin Shugaba Trump duniya ta fara jin cewa Amurka ce ta kai hari. Daga baya gwamnatin Najeriya ta ce da saninta aka yi, wuraren da aka nufa suna yankin Tangaza, abin da ya faɗa Jabo da Offa ta jihar Kwara ɓaraguzai ne. Tsakanin faɗuwar ƙarfen da zuwan bayani, manya da yara sun riga sun yi ta ɗaukar abin da ba su san haɗarinsa ba.

Abin mamaki, abu ɗaya da ya tabbata ya zo mana daga wata duniya, ba soja ne suka gano asalinsa ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana korar tsuntsaye daga gonarsa, sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Aka kai shi hannun masana duwatsu, daga baya kimiyya ta tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. A Riyadh ma, wanda ya shiga gidan tarihi na ƙasa zai tarar da ƙarfe mai nauyin sama da tan biyu da aka ɗauko daga Wabar, cikin hamadar Rub'ul Khali, inda St John Philby ya je neman tsohon birnin almara a 1932 ya tarar da ramukan da dutsen sama ya haƙa. Wani dutsen na Mars da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 kuwa, sai ganin sa aka yi a kasuwar gwanjon Sotheby's a New York a Yulin 2025, an sayar da shi sama da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar ta shiga bin ba'asin yadda ya fita. Ƙasar da ba ta da wurin kai rahoton abin da ya faɗo daga sama tana asarar dukiya da ilimi, ban da rai.

Tsarin da muke da shi tun kaka da kakanni

Ba sai mun je Ohio neman yadda ake tantance abin da ido ya gani a sama ba. Duk ƙarshen Sha'aban muna yi. Fadar Sarkin Musulmi ta yi shela a fita duban wata, wanda ya gani ya kai wa dagaci ko hakimi mafi kusa, a tambaye shi inda ya tsaya, da lokacin, da yadda jinjirin ya karkata, a duba ko mutumin kirki ne, a haɗa da shaidar wasu garuruwa, kwamiti ya auna, sannan Sarkin Musulmi ya yi sanarwa a daren, ya kuma lissafa garuruwan da aka gani. A Saudiyya Kotun Ƙoli ce ke kira ga duk wanda ya ga wata, da ido ko da madubin hangen nesa, ya je kotu mafi kusa a rubuta shaidarsa, ga kuma masu duba a Tumair da Hautat Sudair, arewa da Riyadh. Masana taurari sukan fito fili su ce lissafi bai yarda da wata shaidar ba, a yi ta muhawara. Tsarin ba ya rasa gardama, amma yana da abubuwa huɗu da binciken soja ya rasa: talaka ya san inda zai kai rahoto, ba a mayar da shi mahaukaci, ana auna shaidarsa da ta wasu, kuma amsa na fitowa a kan lokaci.

Addininmu ma ya riga ya nuna hanya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Fassara ce mai ɗaukaka gidansa, da an yi shiru ta zauna. Amma ya tara su ya gyara musu, cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shugaban da bayanin kuskure zai amfane shi, shi ne ya fara ture shi. Wanda ya yi imani da aljanu da sauran gaibu, wannan ya ishe shi hujjar cewa imani ba ya ɗauke wa mutum nauyin bincike.

Masu cewa tsaro sirri ne

Za a ce, in aka bayyana abin da rada ta gani, an gaya wa maƙiyi iyakar ganinta. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a buga taswirar sansanoni a jarida. Amma ana iya ɓoye yadda aka gani, a faɗi abin da aka gani. Faransa ta damƙa wannan aiki tun 1977 ga wani sashe na hukumar sararin samaniyarta ta farar hula, wanda yanzu ake kira GEIPAN. Jandarmomi ne ke karɓar rahoton jama'a, soja na taimakawa da bayanan rada, masana su tantance, a saka fayil ɗin a intanet, har da 'yan kaɗan ɗin da aka ce an bincika ba a gano ba. Birtaniya ta rufe teburin da ke wannan aiki a ma'aikatar tsaronta a 2009, ta miƙa takardun ga ma'adanar tarihi kowa ya karanta. Tsaron ƙasashen nan biyu bai rushe ba. Wani abin ma, a zamanin da kowane aljihu ke da kamara, sirrin da ake tsarewa sau da yawa yana yawo a WhatsApp tun kafin kakaki ya gama gyara hularsa.

Za a kuma ce, mai son jita-jita ko me aka nuna masa ba zai yarda ba. Akwai irinsu, amma ba su ne mafi yawa ba. Yawancin mutane suna komawa ga jita-jita ne in hukuma ta yi shiru, ko in sun taɓa kama ta da ƙarya. Gani ya kori ji, kuma hukumar da ta saba nuna tarkace, ranar da ta ce ba ta gano ba za a yarda da ita.

Abin da ya rage a yi a Najeriya ba mai wuya ba ne, don kayan aikin duk suna nan. Muna da hukumar NSIB mai binciken haɗurran sufuri, wadda ba ta ƙarƙashin kamfanonin da take bincika, kuma ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta ɗora mata fitar da rahoton farko cikin kwana 30. Muna da NASRDA ta sararin samaniya, da NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage, da NiMet ta yanayi, da hukumar binciken ma'adinai, da masana a jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato. Ya kamata Majalisar Tarayya ta yi doka mai sauƙi: duk abin da aka gani a sama ko ya faɗo daga sama ya taɓa rai ko dukiya, a kafa kwamitin da soja ke ciki amma farar hula ke shugabanta. A ba dagatai da hakimai lambar da za su kira, a koya wa jama'a kada su taɓa tarkace. A fitar da bayanin farko cikin kwana biyu, rahoto cikin wata guda, abin da aka ɓoye don tsaro kuma kwamitin tsaro na majalisa ya gan shi a asirce. In an bincika ba a gano ba, a rubuta haka a sa hannu.

Sojan da ke kwana a daji don mu yi barci ba abokin gabar wannan tsari ba ne. Shi ne ma farkon wanda zai amfana, domin na'urar da ta gaza ba a faɗa ba, a kansa za ta fara gazawa gobe, kamar yadda ta faru a Dhahran. Hedikwatar tsaro na iya fara nuna niyya tun yau ba tare da jiran wata doka ba: ta buga cikakken rahoton Tudun Biri, da Hausa da Turanci, ta aika kwafin farko ga mutanen ƙauyen.